Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'inmu: Ku Waiwayi Mai Tafiya A Ƙasa

Zuwa ga shugabannin jami'o'in Arewacin Nijeriya da majalisun gudanarwarsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ara mini 'yan mintoci daga cikin lokacinku da na san ya yi muku kaɗan.

Ni malami ne a ɗaya daga cikin jami'o'in da kuke jagoranta, na haura shekara 20 ina shiga aji. Ba zan ambaci sunan tawa ba, domin maganar da ke tafe da ni ta shafe mu gaba ɗaya.

Wata ranar Alhamis cikin watan Afrilu ina da lacca ƙarfe 2 na rana. Mun yi nisa, sai ga wata ɗaliba ta shigo, hijabinta ya jiƙe da gumi, ƙafafunta sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Na tsawata mata a gaban 'yan ajin, kamar yadda muka saba yi wa makararru. Ba ta ce komai ba. Da aka tashi sai ta tsaya, ta rusuna ta ce, "Malam, a yi haƙuri. Daga can wata tsangayar nake, sai ƙarfe 2 daidai aka sallame mu, kuɗin ɗan sahu kuma tun jiya suka ƙare mini." Na ce Allah ya kyauta, na wuce. Amma maganar ta hana ni sakat. Kashegari na ajiye motata, na je ƙofar ɗakin da ta ce daga nan ta taso, na tako da ƙafata a daidai wannan lokaci. Minti 22 na yi. Babu inuwa ko ta mutum ɗaya a mafi yawan hanyar. Babu wurin da aka keɓe wa mai tafiya, sai gefen kwalta da ya zaizaye. Sau biyu ina tsallakawa bakin lambatu don in ba mota wuri, kuma masu motocin abokan aikina ne, ɗaya har ya ɗaga mini hannu. Gani ya kori ji. Ranar Litinin na nemi gafarar yarinyar nan a gaban waɗanda na tsawata mata a gabansu.

Na kawo wannan ne saboda yanzu ana yawan maganar a ƙarfafa wa mutane gwiwa su riƙa tafiya a ƙasa, su hau keke, su shiga motar haya, don lafiyar jiki da ta muhalli. Magana ce mai kyau. Sai dai a harabarmu ba a buƙatar wanda zai lallashi ɗalibi ya taka sayyada. Yana takawa tun da daɗewa, yana takawa kullum, kuma tun da man fetur ya yi tashin gwauron zabi masinja da akawu da ƙaramin malami sun bi sahunsa. Ku tsaya a babbar ƙofa da ƙarfe 7 da rabi na safe ku ƙirga. Masu shigowa da ƙafa da masu sauka daga motar haya sun ninka masu shigowa da motar kansu sau da yawa. To amma kwaltar ta wa ce? Rumfar da aka kafa a gaban kowane ofis don wa aka kafa ta? Ƙarfe muke yi wa inuwa, ɗan Adam yana rana. Abin da mai tafiya a ƙasa ya rasa a jami'o'inmu shi ne inuwa, da hanya, da kuma mutunci, kuma duka ukun suna hannunku.

Ban ɗora laifin a kan wani shugaba ba. Gado muka yi. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta Sakkwato da ta Maiduguri da ta Jos suka biyo baya a 1975, Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Zamani ne na yalwar fili da kuɗin mai. Ƙarin albashin Udoji ya shigo aljihun ma'aikata, kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, wanda ya gama digiri yana kama aiki ana ba shi rancen mota. Ɗalibai kuwa 'yan kaɗan ne, kusan kowa yana da gado a ɗakin kwana, ana dafa masa abinci a nan kusa. Waɗanda suka zana harabobin nan sun zana su da tunanin duk mai zirga-zirga mai nisa yana da mota. Shi ya sa aka warwatsa tsangayoyi, aka bar daji tsakaninsu. Da yawa ma haraba biyu ko uku gare su: Samaru da Kongo da asibitin Shika a Zariya, tsohuwar haraba da sabuwa ta titin Gwarzo a Kano, Yalwa da Gubi a Bauchi, titin Bauchi da Naraguta a Jos, a Sakkwato matsugunin dindindin yana can wajen gari ta wajen Dundaye. Yau ɗalibai dubbai ne masu yawa a kowace, mafi yawansu a cikin gari suke kwana ko a gidajen haya na unguwannin da ke kewaye. Kiɗa ya canza tuntuni, mu ne ba mu canza rawa ba.

Sannan ga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000 a gidajen mai da yawa. Ku yi wannan lissafi tare da ni. Asusun ba ɗalibai rance yana ba wanda ya samu naira 20,000 a wata don ɗawainiya. A ce ɗalibi yana kashe naira 1,000 kacal a rana tsakanin zuwa daga gida, da zirga-zirga a cikin haraba, da komawa. Kwana 20 na karatu, kuɗin sun tafi ƙurmus, bai ci abinci ba, bai buga takarda ko ɗaya ba. Mai gadi ko mai shara da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 shi ma ku lissafa masa. Mu da ke kiran suna a aji mun san sakamakon. Akwai ɗaliban da suka raba mako: Litinin da Laraba su zo, sauran kwanaki su ari littafin aboki su kwafa. Ranar jarrabawa mu ce ba sa karatu.

Bari in fara da inuwa, domin ita ce mafi arha, kuma ita muka fi sakaci da ita. Daga Maris zuwa Mayu zafi a garuruwanmu yakan haura digiri 40, kuma azumin 'yan shekarun nan a cikin wannan tsakani ya yi ta faɗowa. Ba mai hankalin da zai zaɓi tafiyar kilomita ɗaya a tsakiyar irin wannan rana in yana da yadda zai yi. Amma ku shiga tsofaffin unguwannin ma'aikata na garuruwanmu, inda aka jera darbejiya da maɗaci tun zamanin Turawa, ku ji yadda iska take sauyawa da zarar mutum ya shiga ƙarƙashinsu. Waɗanda suka dasa su sun daɗe da barin duniya, mu muke shan inuwar. Darbejiya ba ta da tsada, tana jure fari, cikin 'yan shekaru take rufe hanya. Kusan kowace jami'a tana da sashen gandun daji ko tsangayar aikin gona, tana da gandun renon itatuwa, tana da ɗaliban da ke neman aikin gwaji. Kowace damina muna bikin dashe, a tara manyan baƙi, a ɗauki hoto, zuwa Fabrairu awaki da fari sun gama da abin da aka dasa. Dalili a fili yake: akwai kasafin dashe, babu kasafin reno. Ina roƙon a daina dasawa a inda za a yi biki, a koma dasawa a layi biyu a kan hanyoyin da ƙafa take bi, a yi wa kowane dashe keji, a ɗauki masu ban ruwa na rani biyu ko uku, a kuma ɗora wa kowace tsangaya alhakin layin da ke gabanta. Inda ba za a iya jiran itace ba, kamar tsakanin manyan ɗakunan lacca, a yi doguwar rumfar kwano irin wadda muke yi wa motoci. Kuma a dawo da al'adar iyayenmu ta ajiye randar ruwa a bakin hanya, ko da famfo ne a kowane 'yan ɗaruruwan taku. Hadisin wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi ya zame masa sadaka, kowa a cikinku ya san shi.

Game da inda za a shimfiɗa hanya, ba sai an ɗauko ƙwararre daga Abuja ba. Ɗalibai sun riga sun zana taswirar da ƙafafunsu. Duk inda kuka ga ƙaramar hanya ta ratsa ciyawa daga ɗakin kwana zuwa ɗakin karatu, ko daga masallaci zuwa wurin cin abinci, nan ce hanyar gaskiya. Maimakon a kafa allon hana ratse, a bi ta a daɓe ta, a ɗaga ta yadda ruwan damina ba zai kwanta ba, a rufe lambatun da ke gefenta, a sa mata fitilar sola. Maganar fitila ba ƙarama ba ce. 'Yata tana karatu a wata jami'ar, kuma na san ba ta zama ɗakin karatu bayan magariba, saboda duhun da ke tsakaninsa da ɗakin kwanansu. Ɗan'uwanta namiji ba ya wannan lissafi. Duhun hanya yana rage wa 'ya mace awannin karatu kowane dare, ba tare da wani ya rubuta hakan a cikin doka ba.

Haka nan masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara yadda mai keken guragu da makaho za su iya shiga. Wa'adin ya cika. Hanyar da aka yi ta yadda mai keken guragu zai bi shi kaɗai, ba tare da abokai sun ɗaga shi ba, ita ce hanyar da za ta yi wa mai juna biyu da dattijon farfesa daɗi.

Sai gudun mota. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa. Harabar jami'a kuwa ai babu inda ya fi ta cakuɗuwa. A sa wannan iyaka, a yi tudun rage gudu da zanen tsallakawa a gaban kowane ɗakin lacca, kuma dokar ta hau kan kowa, har da motocin ofis. Tsakiyar haraba, inda ɗakunan lacca suka taru, a rufe ta ga motocin kai daga safe zuwa la'asar, a bar motar asibiti da ta kashe gobara da ta masu larura. Mai mota ya ajiye a gefe ya ƙarasa da ƙafa kamar kowa.

Yanzu keke, wanda a kansa ne na fi son ku saurare ni.

Mu ba baƙin keke ba ne. Mahaifina malamin makaranta ne, a kan Rali ya yi aikinsa duka, kullum da safe sai ya goge ta tana ƙyalli kafin ya ɗaure littattafansa a kariya. A zamaninsu hedimasta, da malamin gona, da duba-gari, da malamin haraji duk keke suke hawa, kuma in an ji ƙararrawarsu ana gyara zama. Har lasin ake yankar wa keke a wurin En'e. Kamfanin Raleigh har masana'anta ya kafa a Kano saboda kasuwar da ke nan. Da yawanmu da kuɗin tara muka koyi hawa a wurin mai hayar keke na unguwa. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara a mafi yawan harabobinmu, ruwan sama kuma 'yan watanni ne. Tafiyar da ta ci mini minti 22 a ƙasa, a kan keke ba za ta wuce minti 6 ko 7 ba. Ba ya shan mai, gyaransa faci ne da kaca da birki, kuma filin da mota ɗaya ke cinyewa zai ɗauki keke 8 zuwa 10. Da tsohuwar zuma ake magani.

Me ya kore shi daga jami'a? Abu uku na gani. Tsoron mota, tsoron ɓarawo, da kunya.

Na farko ya tuna mini da marigayi Cif Ojo Maduekwe. Yana ministan sufuri a 2001 ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma wa keke, shi da kansa ya riƙa hawa a Abuja, har ranar da mota ta ture shi ya faɗa lambatu. Mutane suka mai da abin na dariya, maganar ta mutu. Ni a ganina mutumin yana da gaskiya, abin da ya rasa shi ne hanya. An kira mutane su hau keke a kan titin da aka yi don mota kaɗai. Kada mu maimaita wannan. Kafin a buga takardar wayar da kai ko ɗaya, a ware wa keke layinsa, a raba shi da na mota da dakali ko 'yan turaku, ba da fenti kawai ba. Wanda ya je Tamale a arewacin Gana ya ga yadda aka ware wa masu keke hanya a gefen manyan tituna. Wanda ya je Wagadugu ya ga maza da mata, manya da yara, a kan keke cikin rana irin tamu. A Amurka ma, garin Davis na jihar Kalifoniya, wanda shi ma shimfiɗaɗɗe ne mai zafin bazara, ya ware layin keke a titunansa tun 1967, jami'ar da ke garin ta hana motocin kai shiga tsakiyar harabarta, kuma har yau keke ne abin hawan ɗalibi da malami a can.

Maganin ɓarawo kuwa kasuwanninmu sun daɗe da gano shi. Ka kai babur, a ba ka lamba, a rataya 'yar'uwarta a jikinsa, ka biya 'yan canji, ka dawo ka tarar da abinka. A yi irin wannan rumfa a kowace ƙofa, da kowane ɗakin kwana, da gaban kowace tsangaya. Ƙarafunan da za a ɗaure keke a jiki, ɗaliban injiniya za su iya walda su a ɗakin aikinsu, a ba su maki a kai. A ba mai gyaran keke rumfa a cikin haraba, da famfonsa da kayan facinsa, kada masu tsaro su riƙa korar sa. Ƙungiyoyin adashi na ma'aikata, da suke ba da rancen shinkafa da na babur, su buɗe rancen keke a riƙa cirewa a albashi kaɗan-kaɗan. Jami'a ta sayi kekuna ta ba ɗalibai haya na zangon karatu guda, da katin shaidarsu a matsayin jingina. A cikinsu a sa irin mai buɗaɗɗen gaba da murfin kaca, wanda mai doguwar riga ko abaya za ta iya hawa ba tare da tufa ta sarƙe ba. Na san ba kowace ɗaliba ce za ta hau ba, kuma ba kowane uba ne zai so ba. Ba a tilasta wa kowa. Wadda take so dai ta samu, kuma hukuma ta tsaya mata a kan duk wanda zai yi mata ihu ko shaƙiyanci.

Kunya ita ce babba, kuma ku kaɗai ne za ku iya kashe ta. Tun da na fara zuwa aiki a kan keke kwana uku a mako, ba sau ɗaya ba wani abokin aiki ya ja ni gefe ya tambaye ni cikin tausayawa ko lafiya, ko akwai abin da zai taimaka da shi. Da zuciya ɗaya yake tambaya, na sani. Amma hakan ya nuna inda muka kai: a wurin da aka tara masu ilimin ƙasa, ana auna darajar mutum da ƙarfen da ya shigo da shi. Ƙaramin malamin da albashinsa bai kai masa ƙarshen wata ba yana cin bashi ya zuba mai, don kada ɗalibansa su gan shi a ƙasa. Ranar da shugaban jami'a ya tako daga ofishinsa zuwa zauren majalisa, ko zuwa masallacin Juma'a ko coci, magatakarda da shugabannin tsangayu suna biye, ba jiniya, ba mai ɗaukar hoto, ya kuma mai da abin al'ada ta kowane mako, ranar wannan kunya za ta fara mutuwa. Ranar 3 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018 tana da kyau a raya ta, amma hawan rana ɗaya a shekara da riga mai tambari ba ya canza komai. Ga kuma ribar da za ku samu a jikinku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau 5. Ku tambayi likitocin asibitin jami'a yawan ma'aikatan da ke karɓar maganin hawan jini da na ciwon suga. Mun binne abokan aiki da yawa da ba su kai ritaya ba.

Motar haya kuma ita ce gatan wanda ƙafa da keke ba za su kai shi ba: mai zuwa daga cikin gari, da mai ratsawa daga wannan haraba zuwa waccan, da mai ciki, da mai goyo, da marar lafiya. Matsalarta ɗaya ce a ko'ina: ba ta tashi sai ta cika. Ɗalibi ya shiga ƙarfe 7 da kwata, ya zauna ana jiran mutum uku, laccar ƙarfe 8 ta wuce shi. Da yamma kuma akasin haka, ɗaruruwa a tasha, mota ɗaya ta zo, a yi ta turereniya, mai ƙarfi ya shiga ta taga, mata su koma gefe su jira. Motar da mutum bai san lokacin tashinta ba, ba zai iya gina ranarsa a kanta ba, shi ya sa duk wanda ya samu hali yake gudun ta. A sa jadawali a manna a kowace tasha, mota ta tashi a kan lokaci ko da rabi ce. A yi layi, a ware ƙofa ko kujeru ga mata da masu larura. A yi wa tasha rumfa da benci. Motar ƙarshe ta dare ta dace da lokacin rufe ɗakin karatu.

Na san tambayar da za ku yi: wa zai biya motar da ta tashi rabi? Direban da ke biyan balas kullum ba zai iya ba, kuma ba adalci ba ne a ce ya yi. Dole jami'a ta ɗauki sufuri a matsayin hidima irin ruwa da wuta. A Jamus, tun daga garin Darmstadt a 1991, ɗalibai suna biyan kuɗin mota na zango guda tare da kuɗin rajista, katin ɗalibi ya zama tikiti. A Davis ɗin da na ambata, ƙungiyar ɗalibai ce ta kafa kamfanin bas a 1968 da tsofaffin motocin Landan masu hawa biyu, kuma har yau ɗalibai ne direbobin. Ba na goyon bayan a ƙara wa iyaye wani sabon kuɗi a kan wanda ya riga ya danne su, sai in an cika sharaɗi: ya kasance ƙasa da abin da ɗalibi ke kashewa yanzu, a ajiye shi a asusu na daban, wakilan ɗalibai su zauna a kwamitin, a manna lissafin shiga da fita kowane zango. In ba haka ba, gara a bar shi. Akwai kuma wasu ƙofofin. Asusun TETFund da ke gina mana manyan ɗakunan lacca, ku haɗa baki ku nemi ya riƙa ɗaukar nauyin hanyar da ake bi a isa ɗakin. Tsofaffin ɗalibai da bankuna da attajirai masu son gina ƙofa mai ado da sunansu, ku nuna musu layin itatuwa ko bas, a rubuta sunan nasu a jiki. Gwamnatin tarayya tana da shirin motoci masu amfani da iskar gas, gwamnatin Borno ta sa motoci masu lantarki da gas a titunan Maiduguri, Jami'ar Bayero kuma an buɗe mata tashar wuta mai haɗa sola da janareta, mai ƙarfin megawat 7.1, a 2019. Jami'ar da ke da irin wannan wuta tana iya cajin keken sahu mai batir da rana tsaka. Sannan ku zauna da gwamnoninku, motocin sufurin jiha su riƙa zuwa har bakin ƙofar jami'a a lokutan shiga da tashi.

'Yan sahu da 'yan acaɓa da ke aiki a harabobinmu, don Allah kada gyara ya zama korar su. Magidanta ne, kuma su suka riƙe mu shekarun da babu wani tsari. Kano ta ga yadda hana acaɓa a Janairun 2013 ya sauya rayuwar dubban gidaje cikin dare ɗaya. A yi musu rajista, a ba su tasha da layi, a zauna da shugabanninsu a tsayar da farashi, kuma in motoci masu batir sun zo su ne farkon waɗanda za a ba.

Akwai gyara ɗaya da ba ya cin ko sisi. Masu tsara jadawalin lacca su bar minti 15 tsakanin lacca da lacca, mu malamai kuma a tilasta mana sallama a kan lokaci. Ajin da ke da darasi biyu a jere kada a jefa ɗaya gabas ɗaya yamma. Da an yi haka, da yarinyar nan ba ta sha faɗana ba.

Ranku ya daɗe, na san abin da ke kan teburinku: kuɗin wuta, yajin aiki, tantance kwasa-kwasai, tsaro. Ban ce ku ajiye su ba. Roƙona kafin ku zauna kasafin baɗi guda biyu ne. Ku sa ɗaliban sashen tsara birane ko na labarin ƙasa su tsaya a ƙofofi mako guda, su ƙirga masu shigowa da abin da ya kawo su, a ajiye wannan adadi kusa da abin da aka kashe bara a kan kwalta da rumfunan motoci. Sannan kowane ɗayanku ya zaɓi rana ɗaya, ya sallami direba, ya tako daga babbar ƙofa zuwa tsangayar da ta fi nisa da ƙarfe 2 na rana, tare da daraktan ayyuka da ma'aji. A tawa jami'ar, duk ranar da aka sa, za a same ni a bakin ƙofa da gorar ruwa, in nuna hanyar da na bi.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin jami'a